Wanda Ya Wanke Kwanon Madam Kiyo

Ba ni na wanke kwanon ba. Uwarku ce ta wanke shi, Allah ya jiƙanta, da jabel, ruwan wankin nan mai cinye launi, da soson ƙarfe, ranar jajibirin Babbar Salla, a madafarmu ta Sevran, nan gefen Paris. Ni lokacin ina wajen mahauci ina rigimar rago. Na dawo na tarar an gama. Shekara da shekaru kuna ce mini Baba Jabel, ku da 'ya'yanku, har jikan da bai iya share majinarsa ba ya iya wannan suna. Na yi shiru don akwai dalili. Dalilin yanzu yana maƙabarta, kuma ita da bakinta ta ce in faɗa bayanta. To ga shi.

Sai na fara da Uwani, saboda ƙananan da ba su san farkon zancen ba. Uwani ɗiyata ce ta biyu. Sunan uwata na sa mata, shi ya sa ba mai kiranta da sunan yanka a gidan nan. Uwata maginiyar tukwane ce a Mirriya, da yumɓu ta ciyar da mu. Na ga abin da yumɓu ya yi mata. Bayanta ya lanƙwashe, tafin hannunta ya tsattsage kamar ƙasar tafki a bazara, hayaƙin gashin tukwane ya cinye mata ido. Don kada in ƙare cikin wannan na bar gida. Labarin hamada da Libiya na riga na ba ku, ba zan maimaita ba. A Paris na wanke kwanoni a restora har fatar hannuna ta saɓule, na koma shantiye, wurin gini, na ɗauki siminti har gwiwoyina suka mutu, yatsuna biyu suka tafi a can. Duk don ku yi lakwal, ku yi karatun boko, abin da ni ban yi ba. Uwani ta yi, ta fi kowa a cikinku, kada wani ya ji haushi. Ta karanci haɗa sinadarai, ta samu aiki a wani laboratuwar, farar riga, ɗaki mai tsabta. Uwarku ta rataya hotonta da farar rigar a salo, inda baƙi ke zama, ta aika wani Damagaram don dangi su gani.

Sai wata rana muna cin abinci ta aje cokali.

"Baba, na bar aikin. Lyon za ni."

"Wani laboratuwar?"

"A'a. Zan koyi ginin kwano. Kwanon shan shayi na Japan, wanda ake yi da hannu."

"Da me ake yin sa?"

"Da yumɓu."

Na dubi uwarku, ta dube ni.

"Kai ka jawo, Malam," in ji ta. "Sunaye sun ƙare ne a duniya da ka sa mata wannan?"

Sannan ta juya kan yarinyar. Uwarku mace ce mai kirki, amma in ranta ya ɓaci bakinta ba shi da birki. Ta ce mun gudo daga laka ita ta koma laka. Ta ce me za ta gaya wa matanmu na unguwar La Courneuve, ɗiyarta mai diplom ta zama mai tukwane? Ta faɗi da yawa. Na ƙarshen shi ne wanda ya tsaya, kuma ku riƙe shi, don komai a kansa ya rataya.

"In kin tafi, kada ki shigo mini da ƙazantar nan gidana. Duk abin yumɓun da na gani a nan, wallahi ta taga zai fita."

Uwani ta tafi, ta daɗe ba ta tako gida ba. Ni take kira a telefon, gaisuwa a taƙaice, sai zancen kwano. Ban tambaye ta ba, amma sai ta faɗa. Malamarta wata tsohuwar Bajapaniya ce, Madam Kiyo, wadda ta zo Faransa da mijinta tun da daɗewa, mijin ya mutu ya bar ta da tanderun gashi. Uwani ta ce ginin kwanon rabin aiki ne, sauran rabin shafe ne, wato abin da ake shafa wa kwano kafin a gasa, wuta ta narkar da shi ya kama jiki kamar gilashi. Akwai baƙi da ake yi da niƙaƙƙen dutsen kogi, a zaro kwanon daga wuta da awartaki yana ja zur, wai raku. Akwai fari mai kauri kamar kindirmo, da 'yan ramuka a jiki. Akwai na tokar karan shinkafa. Tana turo mini hotuna, ina dubawa. Duk karkatattu ne, baki ya tafi gefe, shafe ya zubo kamar hawaye an bar shi. Uwata in tukunya ta fito mata haka fasa ta take yi kafin maƙwabta su gani. Kuma ni kasko nake gani, amma tun da kwano kuka saba cewa, a bar shi kwano.

Duk wannan lokacin uwarku ba ta taɓa cewa a ba ta telefon ba. Sai dai in ina magana ta rage ƙarar famfo. Da yamma ta tsaya a taga tana kallon mutanen da ke fitowa daga gar, tashar jirgin ƙasa. A shekarar ne likita ya ce zuciyarta ba ta da ƙarfi, a kiyaye mata ɓacin rai. Ni na yi ta kai gwauro da mari tsakaninsu, in lallashi wannan in tsawata wa waccan, har Uwani ta yarda za ta zo Salla.

Ta zo. Suka gaisa da uwarta kamar ma'aikatan perfektir, ofishin takardun gwamnati. Da yamma uwarku tana madafa, Uwani ta kira ni ɗaki ta fito da wani ɗan akwatin katako ɗaure da igiya. Ta kwance a hankali, ta buɗe tsumma, ta buɗe wani tsumman. Na ɗauka zinariya ce. Sai ga kwano. Launinsa kamar toka da aka zuba wa jar ƙasa, gindinsa an yanke masa wani ɓangare kamar ɓera ya ci, jikinsa duk tsaga-tsaga kamar saƙar gizo, kowace tsaga ta yi baƙi-baƙi. Cikinsa kuwa kamar butar shayin masu gadi.

"Wannan ke kika yi?"

"Ina! Ni na isa? Na mijin Madam Kiyo ne. Hagi ake ce wa irinsa. Ta ba ni aro in riƙa sha a ciki kullum, hannuna ya koyi yadda kwano yake. Ba ta taɓa ba wa kowa ba, Baba."

"To ba ta da sabulu ne?"

Ta yi dariya. Ta ce ba datti ba ne. Shafen in ya huce yakan tsage siriri-siriri, shayi ya riƙa shiga tsagar kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, launi ya yi ta canzawa. Duk wannan duhun shayin da mijin ya sha ne tun yana saurayi har ya mutu. Shi ne darajar kwanon. Ba a sa masa sabulu, ruwan ɗumi kawai. Na ce na ji. Ni kaɗai ta gaya wa. Uwarta ba ta gaya mata ba, don tana tsoron tagar nan.

Washegari jajibiri. Uwani ta sha shayinta da safe, ta ɗauraye kwanon ta kife a kan tsumma a madafa don ya sha iska, ta tafi La Courneuve kitso. Ba ta yi tunanin komai ba, ko ta yi ta ce ai sun fara shiryawa da uwarta. Ni na tafi wajen mahauci. Da na dawo warin jabel ya tare ni tun daga ƙofa, amma wannan ba sabon abu ba ne, kun san uwarku da jajibiri, har bango take wankewa. Na shiga salo na same ta tsaye gaban bitrin ɗin jerenta, inda take aje kwanonin da ba a cin abinci a ciki, na aurenta da waɗanda ta zo da su daga Makka. Tana murmushi. Ta matsar da tasoshinta masu ruwan zinariya gefe, ta sa kwanon a tsakiya, a sama. Fari tas. Tsagar na nan amma ba komai a cikinta.

"Ka gani, Malam? Sai da na jiƙa shi tun hantsi. Dattin ya kama ƙwarai. Yarinyar nan ko wankin kwano ta manta."

"Hajiya, me kika yi?"

"Na ce bari in wanke mata in sa shi cikin nawa, ta ga ban ƙi abinta ba. Tun da shi take so, to shi ke nan. Na gaji, Malam. Ɗiyata nake so."

Kun ji. Ba mugunta ba ce. A wurinmu in mace ta ɗauki kwanonki ta wanke ta sa cikin jerenta, ta karɓe ki ke nan. Uwarku ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, da soso take bayarwa. Na gaya mata abin da kwanon yake, da na wane ne, da abin da ta wanke. Tana ji tana zamewa har ta zauna a ƙasa, hannu a ƙirji.

"Za ta ce da gangan na yi. Ni na ce zan wurga ta taga. Ba za ta ƙara takowa gidan nan ba, Malam. Zan mutu ban gan ta ba."

Gaskiya ta faɗa. Na san Uwani, kan uwarta ta ɗauko. Asansar, lif ɗin benen, ya lalace a ranar kamar kullum, sai muka ji takunta a matakala. Ban yi wani dogon tunani ba. Na shiga madafa, na naɗe hannun riga, na tsoma hannuwana cikin robar jabel har gwiwar hannu, na fito suna ɗiga.

Uwani ta shigo da sabon kitso tana sallama. Idonta ya faɗa kan bitrin. Ta tsaya. Ta je ta ɗauko kwanon da hannu biyu, ta juya shi, ta shinshina. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi.

"Wa?"

"Ni," na ce.

"Kai, Baba? Kai da na gaya wa? Jiya jiyan nan na gaya maka!"

"Na ga datti na wanke. Shekara nawa ina wanke kwano a ƙasar nan, ba wanda ya taɓa yin kuka."

"C'est pas vrai, ba zai yiwu ba! Ba ka saurare ni ba. Duk abin da nake gaya maka a telefon ba ka taɓa saurara ba!"

Wannan ya shige ni, don na saurara. Ta fashe da kuka, ta juya, ba inda za ta faɗa sai jikin uwarta. Uwarku ta rungume ta a nan ƙasa, rungumar farko tun tafiyarta Lyon, tana shafa mata sabon kitson tana cewa yi haƙuri Uwani, yi haƙuri. Ta saman kafaɗar yarinyar take kallona. Ni ina tsaye hannu na mini zafi. Haka muka yi Salla. Laminu, babbanku, shi ya raɗa mini Baba Jabel a kan naman layya, kowa ya yi dariya ban da mutum uku.

Uwani ta ce za ta koma ta mayar da kwanon ta kwashe kayanta, don ba ta da idon zama a wurin. Na ce tare za mu. Ta ce ba ta buƙata. Na ce ba shawara nake ba. A wurinmu in an yi ɓarna a gida, maigida ke zuwa ban haƙuri da ƙafarsa, ba a tura yaro. Na sa babbar riga, na sayi goro fari mai kyau na ƙunsa a ganye. A jirgin ƙasa daga Paris har Lyon akwatin na kan cinyarta tana kallon taga. Sannan wurin a kan tudu yake. Wanda ya gina unguwar nan ba shi da gwiwa. Matakala bayan matakala, ina hawa ina tsayawa, ita tana gaba ba ta waiwaya.

Madam Kiyo 'yar ƙaramar tsohuwa ce, kai fari fat, hannu irin na uwata sak, na lura da wannan. Na yi mata bayani da faransancin shantiye. Na ce ni ne uban yarinya, ni na yi ɓarna, yarinya ba ta da laifi. Ta buɗe akwatin. Ta daɗe tana kallon kwanon. Ta sa yatsa ta bi wata tsaga daga baki har gindi, inda babu komai yanzu. Na taɓa ganin mata a gaban gawa, irin kallon ke nan. Sannan ta tambaye ni yadda na wanke. Na ce jabel da soson ƙarfe. Ta juya gindin, ta nuna mini cikin yankan nan, inda ko ɗan yatsa ba ya shiga, shi ma an bi shi an goge tas.

"Wanda ya wanke wannan ya ba shi lokaci," in ji ta.

Ta dube ni. Na dubi bango. Ko ta gane ko ba ta gane ba, ban sani ba har yau. Ta ɗebo ruwa a roba ta nutsar da kwanon, ta ce mu shiga ciki mu sha shayi. Na ce alhamdulillahi, an zo wurin da na sani. Ashe ban sani ba. Ɗaki ne ba kujera, sai tabarma. Aka ce in durƙusa in zauna a kan dugadugaina, ni da gwiwoyin nan. Tsohuwa ta goge cokali, ta ninke tsumma, ta warware, ta sake ninkewa, ta goge abin da ta riga ta goge. Ta zuba wani koren gari a baƙin kwano, ta zuba ruwan zafi, ta kaɗa da ɗan maburgin gora har ya yi kumfa kamar gansakuka. Uwani ta raɗa mini in ɗauka da hannu biyu, in juya shi kaɗan kafin in sha, don kada in sa baki a fuskarsa. Kwano ma yana da fuska. Na sha. Ba sukari, ba na'a-na'a, ɗaci kamar an tafasa ciyawa. Na haɗiye. Aka ce kuma in duba gindin kwanon in yaba. Na duba na ce madalla.

Sai na fito da gorona na miƙa mata, na ce a wurinmu da wannan ake ba da haƙuri. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi kamar yadda na juya kwanonta, ta gatsa. Fuskarta ta tattare wuri ɗaya. Amma ta tauna ta cinye, ba ta tofar ba. Nan na san da mutum nake magana.

Uwani ta fara cewa za ta kwashe kayanta. Tsohuwa ko kallonta ba ta yi ba.

"Yumɓunki yana bushewa tun da kika tafi. Je ki."

Sannan ta juyo kaina, tana magana a hankali don in gane.

"Shayin da ke cikin kwanon nan na mijina ne. Ya tafi, ba ya dawowa. Yanzu kwanon ba kowa a ciki, ba na son ganinsa haka a gidana. Wanda ya zubar, shi zai mayar. Za ka tafi da shi, ka sha a ciki kullum."

"Har yaushe, Madam?"

"Har ya yi launi."

"Mijinki shekara nawa ya yi?"

"Kada ka tambaya," in ji ta. "Ka sha."

Kwanon ya zauna a Lyon cikin ruwa ana canzawa har warin jabel ya fita daga jikinsa. Sannan Uwani ta kawo mini shi da gwangwanin koren garin da maburgin gora, ta koya mini kamar tana koya wa jaki. Ruwa kada ya tafasa sosai. Hannu biyu. Ba sabulu, Baba, ka ji ko, ba sabulu. Daga nan duk wata sai ta hau jirgi ta zo, ta kawo sabon gwangwani, ta duba kwanon. Ta gaishe ni a tsaye, ta ɗaga shi a hasken taga tana bincike kamar ma'aikaciyar duwan, wato kwastan, ta aje. Sai ta shige madafa wurin uwarta su rufe ƙofa. In ji suna hira, in ji suna dariya, in ji sunana.

"Ai haka yake tun yana saurayi," in ji uwarku, da kunnena na ji. "In ana magana kansa na wani wuri."

Da yarinyar ta tafi na tare ta.

"Hajiya, har da ke?"

"To me zan ce, Malam? In na yi shiru ai sai ta gane."

"Sai ki rage gishiri."

"Ka ga ta ci tuwo ta ƙara? Ka ga ta bar mini in tsefe mata kai?"

Na gani. Abin da nake so ke nan, na samu, amma ba wanda ya ce mini zai yi ɗaci haka. Yarinyar da ke kirana ta cika mini kunne da zancen toka da dutse ta daina. Uwarta take kira yanzu. Kwanon farko da Madam Kiyo ta ce ya yi, wanda ba ta sa ta fasa ba, fari mai kaurin nan, uwarta ta kawo wa, aka sa shi a tsakiyar bitrin. Ni aka ce kada in taɓa. Ranar da aka baje kwanoninta a wani zaure a Paris, na sa rigata mafi kyau na je, Laminu ya riƙe hannuna gaban nasara ya ce ga mutumin da ya wanke kwanon Japan da jabel. Suka yi dariya, wata ta ɗauki hotona. Laminu, ban manta ba. Kuma kowace safiya, ni da na tashi da shayin gida mai sukari a zuba daga sama ya yi kumfa, in zauna in kaɗa ciyawa in sha, saboda laifin da ban yi ba.

Sai kuma gwangwanin ya fara ƙarewa kafin wata ya cika. Uwani ta ce ina cika gari, ba tuwo ake tuƙawa ba. Na ce to. Na rage, bai hana ba. Na karɓi wannan faɗan ma, na saba. Wata Juma'a na fita masallaci, gwiwa ta hana ni, na juyo daga bakin gar. Na buɗe ƙofa a hankali. Uwarku na zaune a kan 'yar kujerarta ta madafa, kwanon a hannunta biyu, ta juya shi kaɗan, ta kai baki, ta runtse ido kamar mai shan maganin zazzaɓi.

"Me kike yi, Hajiya?"

Ta kusa sake shi. Da ta sake da mun ga ta kanmu.

"Kai ka gaya mini abin da matar ta ce. Wanda ya zubar shi zai mayar."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka kawo shi. In ka fita."

"To ni kuma don me nake sha?"

"Kai ka ce kai ne," in ji ta. "Wa ya aike ka?"

Wallahi haka ta ce. Na zauna a ƙasa na miƙe ƙafa. Ta shanye, ta ɗauraye da ruwan ɗumi, matar da ba ta yarda abu ya wanku ba sai ya yi ƙara a yatsa, ta goge da tsumma ta kife. Na ce likita ya san tana shan wannan? Ta ce likita ya sha nasa. Daga ranar muka daina ɓoyewa juna. Ni da safe, ita da hantsi. Ba ta taɓa cewa yana da daɗi ba, ni ma haka. Wani lokaci takan ɗaga shi a taga ta ce, Malam, zo ka gani, kamar wannan tsagar ta fara ja. In ce idonki ne. Ba idonta ba ne.

Sau da yawa ta ce za ta gaya wa Uwani. In yarinyar ta zo sai ta kasa, ta ce wata mai zuwa. Ni ban matsa mata ba. A asibiti, da ta ga abin ya zo, ta sa kuka fita duka, ta ce in matso.

"Bayana ka gaya mata, Malam. Ni ba zan iya kallon idonta ba."

"Wannan ma ni za ki bar wa?"

"Kai ka fi ni taurin rai," in ji ta. Ta yi 'yar dariya. Ita ce ta ƙarshe da na ji.

To Uwani, ke nake yi wa wannan, sauran su ji a gefe. Zuwanki na ƙarshe kin ɗaga kwanon a taga kin daɗe, kika ce launi ya dawo, ba irin na da ba, wani daban, ja-ja mai laushi. Kika ce, Baba, ka yi ƙoƙari. Rabona da jin irin wannan daga bakinki tun kafin Sallar nan. Na so in riƙe shi, amma ba nawa ba ne ni kaɗai. Rabin abin da ke cikin tsagar nan na uwarki ne. Ta wanke shi don ta karɓe ki, ta sha shi don ta biya ki, duk ba ta iya faɗa da baki ba. In za ki yi fushi ki yi da ni, ni na yi miki ƙarya, kuma in aka mayar da ni ranar zan sake tsoma hannun. Ki gaya wa Madam Kiyo in kin ga dama, ina jin ba za ta yi mamaki ba. Sauranku kuma, sunan nan ya isa haka. Ku gaya wa 'ya'yanku sunana Isufu.

Ina nan Sevran, a gidan da kuka sani, ni kaɗai. Asansar ya lalace. Bitrin na nan yadda ta bar shi, ban taɓa ba. Kwanon na kife a kan tsumma a madafa. Gwangwanin shayi yanzu yana kai ƙarshen wata har ya yi saura. Har yau ba na son shi. Gobe da safe zan sha, da hantsi kuma in ƙara.